Fensir Uku a Kan Teburin Baba

Na jera su uku, irin na dannawa,
waɗanda reza ba ta san su ba,
duk shuɗaye, duk da maƙalin aljihu,
kai ka ce ciki ɗaya suka fito.

Na farko nasa ne.
Shekara ashirin da biyu yana zanen atamfa
a masaƙar Kakuri,
ganye, tsuntsu, idon zakara,
da wannan ƙarfe mai nauyin ƙusa.
A jikinsa an buga Jamus ta Yamma,
sunan da taswira ma ta daina kira.
Mazaunin yatsansa ya koɗe.
In na danna, ƙyas, sau ɗaya,
dattijo ba ya maimaita magana.

Na biyu tsarabar Habila ce,
ɗan Japan, sakayau kamar sillen kara.
Layinsa ya fi gashin jariri siranta.
Ran da abincinsa ya ƙare
na zaga Kasuwar Barci har la'asar sakaliya,
ba mai irinsa.
Baƙo ne mai tsirfa, ba ya cin tuwon gari.

Na uku jiya na saya
wurin Sama'ila, a bakin Poli.
Ya rantse ɗan Jamus ne.
Na juya kwali, na ga Sin.
Ya ce, "To Malama, zanen jikinki fa?"
Na duba bakin zane, na yi gum.
Ganyen ma irin na Baba ne,
an dai karkata shi hagu.

Da dare na kwance su a kan jarida.
Ashe hanjinsu ɗaya:
'yar murɗaɗɗiyar waya,
haƙora masu riƙo,
na wancan tagulla, na wannan roba,
sai kowa da siririn baƙin cikinsa
da yake fitarwa kaɗan-kaɗan.

Gobe ɗalibaina za su ce, wanne ya fi?
Zan ce wanda aljihu ya iya.
Ba zan ce musu ƙofar masaƙa
ciyawa ta kai mata wuya ba,
sun sani, ta nan suke wucewa.

Na zaro baƙin ɗan Sin
na zura wa na Baba.
Bai tambayi asali ba, ya karɓa.
Ƙyas.
Aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya,
na shimfiɗa zanen a gwiwa,
na soma mayar da ganyen dama.