Kilo Ɗari da Arba'in

Shekarar da Merv ya bar ramin ma'adinai
ya sayo tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu,
ya ajiye ta bayan gidanmu a Broken Hill,
ya ce, Glenys, bana sai hamada.
Na sayi malafa. Na zauna jira.

Da ƙarfen gaba ya fara,
wai kangaru ba ya sallama
in zai tsallaka titi da magariba.
Na ce wannan gaskiya ne.
Sai bututun numfashi ya miƙe a gefen gilashi
kamar wuyan jimina,
saboda kogi, in ji shi,
a ƙasar da kogunanta yashi ne zalla
sai shekarar da Allah ya ga dama.

Sai injin jan igiya. Sai tayoyi masu haƙora.
Ya ɗaga ta da sababbin sifirin
har sai na taka bokiti nake hawa.
Tankin mai na biyu, na ruwa a ƙarƙashi,
firji mai shan hasken rana,
tanti a kan rufi, rumfa a haƙarƙari,
oba-oba da eriyarta tana rangaji.
Dragan bakanike da kuɗinmu ya sake kwanon shagonsa;
in ya hango Merv tafe, shayi yake ɗorawa.

Hunturu uku. Malafata ta koɗe a jikin ƙusa.
Maƙwabciyarmu Noelene,
mai akori-kurar da aka ɗaure ƙofarta da waya,
ta je tafkin gishiri sau biyar ta dawo,
tana kawo mini jar ƙasa a kwalba, tsaraba.

Ran wata Talata muka hau sikelin bakin gari.
Yarinyar ta dubi allo, ta dubi mu da ke tsaye a gefe,
ta ce kun zarce da kilo ɗari da arba'in,
kuma ko shiga ba ku yi ba.
Merv ya juyo ya kalle ni.
Na ce kada ka soma, ni ba a kwance ni da sifana.

Da dare na farka, gefensa ya yi sanyi.
Na same shi a cikin motar, fitila a kashe,
hannu biyu a kan sitiyari.
Ya ce, shekara talatin da ɗaya
dutse yana goga hulata.
In na miƙa hannu, bango na nan.
Can fa, Glenys, babu bango.
Ban ce komai ba. Na tako bokiti na hau,
muka zauna har zakaran Noelene ya yi cara.

Da safe shi ya ɗauko sifana da kansa.
Tanti ya sauko, rumfa ta bi shi,
durowar ƙarfe, fitilu shida daga cikin takwas,
taya ta biyu ta ko-ta-kwana.
Ƙarfen gaba muka bari, kangaru dai bai tuba ba.
Ciyawar ƙofar gida ta koma kasuwa,
Dragan ya zo ya tsaya kamar mai gaisuwar mutuwa.

Mun fita kafin azahar.
Inda kwalta ta ƙare motar ta yi atishawa ta miƙe,
yashin farko kuwa ya riƙe mu har cinya.
Babu itacen da za a ɗaura igiyar injin.
Shebur ne ya cece mu, tsohon shebur na lambu,
da iskar da muka rage wa tayoyi.

Daren nan a gadon busasshen kogi muka shimfiɗa bargo.
Ya kwanta rigingine, taurari sun sauko har hanci.
Na ji hannunsa yana lalube a duhu,
yana neman bango.
Ya sami kafaɗata. Can na ji minshari.