Tari a Layi na Huɗu

Bangon gidajen Sapporo siriri ne kamar ɓawon albasa.
Jaririn maƙwabta na barci a bayansa,
shi ya sa kiɗana ba ya wuce kaina:
hedifon a kunne, ɗaki tsit,
dusar ƙanƙara na sauka a taga ba sallama.

Segawa mai kanti ya ba ni aron amfilifaya biyu.
Ya ce, "Kwana bakwai, Hamanaka-san.
Ka riƙe ɗaya, ɗaya ta dawo."
Kuɗin kowacce zai sayi tsohuwar mota.

Ta hagu mai ƙwayayen gilashi ce.
Sai ta yi ɗumi take magana,
minti ashirin cur, tsohuwar da ba a yi wa gaggawa,
garwashi ja a cikin kwalba.
In ta buɗe baki, babban goge ya yi kauri,
ya gangara ƙirji kamar romo a daren sanyi.
Duk wani kaifi sai ta shafe shi da mai.

Ta dama baƙin akwati ce, sanyi ƙalau,
ba haske sai ɗigo ɗaya shuɗi.
Ba ta gaisuwa, ba ta kara.
Abin da ke faifai shi take faɗa,
ya yi daɗi ko kar ya yi.

Shekara arba'in da ɗaya ina saita fiyano
a makarantu, a otal, a gidajen masu hali.
Kunnen nan shi ya ciyar da mu.
Bara likita ya ja layi a takarda,
ya ɗora biro inda layin ya karye:
"Daga nan zuwa sama, ba rabonka kuma."
To me rabin kurma ke nema a kasuwar sauti?

Na daidaita ƙarfinsu da ma'auni
don kada mai ƙara ta yi mini wayo.
Na zare waya, na soka, na zare, na soka.
Litinin, Talata, shayi ya huce ban san adadi ba.
Na rubuta a littafi: hagu zuma, dama ruwa.
Na soke.
Na rubuta: hagu rarrashi, dama shaida.
Wannan na bari.

Daren Alhamis na ɗauko faifan da nake gudu.
A ƙaramin zaure aka naɗe shi, wata kaka da ta wuce.
Ni na saita fiyanon da rana;
da dare Fumie ta zauna a layi na huɗu
da koren gyale, da mura.

Ta hagu ta miƙo mini zauren a lulluɓe,
katako da labule da fitilu rawaya.
Idona ya ɗan jiƙe. Ba laifi.

Sai na soka a ta dama.
Minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya,
inda makaɗi ya ɗaga yatsu ya bar shiru ya sha iska,
can gefe, ƙasa-ƙasa:
tari.
Guda ɗaya tak, an danne shi da tafin hannu,
da ɗan "hm" a bayansa na neman afuwa.

Shekara talatin da takwas na kwana kusa da tarin nan.

Na koma ta hagu da sauri.
Yana nan, amma ta shafa masa mai,
ta goge masa baki, ta zagaye shi,
ya zama tarin kowa.

Ran Asabar na naɗe mai gilashi a bargo,
na rungume ta a jirgin ƙasa kamar mara lafiya.
Segawa ya ɗaga gira.
"Na ɗauka ita za ka riƙe. Kowa ita yake so."
Na ce, "Ta fi daɗi, nesa ba kusa ba."
Ya jira sauran maganar.
Na ƙirga masa kuɗi.

Yanzu in dare ya raba,
jariri ya motsa a bayan bango, uwarsa na jijjiga shi,
nakan kunna ɗigon shuɗi,
in bar makaɗi ya yi minti shidansa, ba na tsallakewa.
Mutum ya zo da nisa, sai a jira shi.
Sannan in riƙe numfashi.