Gyaran Ƙarshen Bazara

Butikina taku huɗu ne a Geben Zogi,
ƙofar kwano, kanta uku, firji mai tari.
In kuran ya ɗauke, ƙanƙara ta koma hawaye,
ni kuma in koma fifita da murfin kwali.

Bazara ta dafa Tawa har ƙashi.
Tabkin Babaye ya tsage kamar diddigen manomi,
mangwaro ya sauko, dala ashirin kashi,
'yan ci-rani sun fara dira a tasha
da akwatin Abijan da sabon takalmi,
kowa na satar duban gabas
ko hadari zai ce wani abu.

A irin wannan mako nake ƙulla gyara.
Ba salla ba ce, ba suna ba, ba wanda ya sa ni.
Uwata ta fara, tun tana da faifan daddawa.
Wanda ya sha zafi tare da ke, in ji ta,
kar ruwa ya sauka bai ɗanɗani hannunki ba.

Daren Asabar na baje tabarma,
leda saba'in da uku na ƙirga:
ƙullin shayi, sukari ludayi guda,
rabin sabulu, ashana, alewa don yara.
Shibkau, autana ɗan lakkal, ya ciji bik,
ya ce, "Inna, jikka tara ke nan ta bi iska."
Na ce, ƙulla dai, ga bakin waccan ya saki.

Lahadi unguwa ta daka gumbar sadaka.
Turmi goma na amsa juna tun hantsi,
samari sun zana da'irar kokawa cikin rairayi,
aka kā da ɗan gidan limam, aka yi shewa.
Ni ina bakin ƙofa ina miƙawa.
Mushe Arzika ya karɓa yana gyara tabarau.
Agali baduku ya sa tasa cikin rawani.
Tsohuwa Tunau ta auna ledar a tafi,
ta ce ta bara ta fi nauyi.
Gaskiyarta. Sukari ya hau.

Hassiya ce ba ta zo ba.
Na hango ta sau biyu, ta bi ta bayan famfo
don kar idonta ya faɗa cikin nawa.
Shafinta a kaye ya cika har gefe:
shinkafa, mai, maganin zazzaɓi,
jikka bakwai da ɗari, tun watan sanyi.
Motoci sun zo, sun zo, sun zo,
Nomau bai sauko daga ko ɗaya ba.

Na daɗe riƙe da kayen nan, ban ɓoye ba.
Jikka bakwai buhun gishiri ce da canji,
kuma ni ma ana bina a babbar kasuwa.
Sai na yage shafin a hankali, kar ya yi ƙara,
na zuba shayi a kansa, na naɗe,
na ce Shibkau ya kai, kar ya tsaya jiran godiya.

Bai tsaya ba. Ita ma ba ta aiko ba.

Ran Laraba da asuba na buɗe ƙofa,
ga ƙwarya a dokin ƙofar, an rufe da faifai:
irin gero, zaɓaɓɓe, wanda ake ɓoyo a toka,
wanda ko yunwa ba a bari ta gani.
Ba ni da gona, ta kuma sani.
Ina da ɗan fili bayan butiki, inda akuya ke kwana.

Da la'asar iska ta juya, ta kawo ƙamshin ƙasa.
Ɗigon farko ya bugi kwano kamar mai sallama,
na biyu ya sami hudar da na ce zan liƙe tun bara,
ya faɗa daidai bakin buhun sukari.
Na ja buhun gefe, na tara roba,
na ce, Shibkau, ajiye bik ɗin nan,
je ka aro mana sungumi.