Suna Na Bakwai

Shekara talatin da huɗu Baba Arzika
yana tura kura a lungunan Mabera,
jarka goma sha biyu, ran kasuwa sha huɗu,
har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka.
Ko jariri ya san muryarsa: Ga ruwa!

Da furfura a gemu ya ba da gaskiya.
Ba taron wa'azi ya ja shi ba.
Ruwa ya kai majami'a ran Asabar, ana goge benci,
ya ji Rifkatu tana ba yara labarin wata mata a bakin rijiya.
Ya sauke jarka, ya tsaya,
ya manta da gida uku da ke jiran ruwa.

Suka ce sai ya yi aji, wata uku,
kafin a kai shi gulbi.
Ya yi. Bai san baƙi ba, da ka ya haddace.
Aka rubuta shi na bakwai a takarda,
aka sa Lahadin Ista, gindin gadar Kwalkwalawa.
Ya kai wa tela farin yadi kamu huɗu,
kullum sai ya leƙa ko an gama ɗinkawa.

Ran Laraba rana ta buɗe baki
irin yadda take yi a Sakkwato da bazara.
Ya jingina da kurarsa kamar mai hutawa.
Shi ke nan. Bai ko zubar da jarka ɗaya ba.

A zaman makoki, ƙarƙashin dogon yaro,
Dattijo Istifanus ya buɗe Littafi a gwiwa,
muryarsa na rawa, don abokinsa ne.
Ya ce gaskiya da baftisma tare aka ɗaure su,
igiya da guga,
wa ya isa ya kwance abin da Ubangiji ya ƙulla?
Ya ce, ba ni na rubuta ba, ni ma ina jin ciwon karantawa.

Malam Habila ya ture kofin shayi.
Ya ce, ɓarawon nan na kan gicciye fa?
Hannu a kafe, ƙafa a kafe,
wa ya sauke shi ya kai shi gulbi?
Kuma tun ran nan aka buɗe masa ƙofa.
Ruwa hatimi ne a bayan wasiƙa,
wasiƙar kuwa an riga an rubuta.

Istifanus ya ce, ɓarawo ba shi da hanya.
Arzika yana da wata uku.
Habila ya ce, wa ya yanka masa wata ukun?
Shi, ko mu?

Babu wanda ya ƙara tofawa.
Wata akuya ta zo ta lashi gindin randa.

Ni ne na yi masa wanka.
Da jarkarsa na ɗebo, mai murfin leda,
na zuba daga ka har tafin ƙafa mai faso.
Ban ambaci sunan kowa a kansa ba,
ni ba fasto ba ne, shi kuma ba ya ji.
Na sani wannan ba ya shiga lissafi.
Amma na daɗe ina zubawa.

Lahadi na je Kwalkwalawa.
Gulbi ya janye, sai da suka yi tafiya cikin yashi
kafin ruwa ya kai musu ƙugu.
Mutum shida suka nutse, suka fito suna tari da dariya.
Fasto ya dubi takarda, ya buɗe baki,
ya ce Ar...
sai ya ninke ta, ya sa aljihu.
Istifanus na gani ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Rigar tana ƙasan akwati, tela bai karɓi ciko ba.
Ni ban san wanda ya fi gaskiya cikin dattawan nan ba.

Da yamma na tuna jarka biyu da suka rage a kura,
na gidan Hajiya Tumba ne, ta biya tun Talata.
Na kama ƙarfen inda hannunsa ya side fenti,
na tura har ƙofarta.
Na so in yi kiran, murya ta ƙi fitowa.