Fara Buɗe Na Sama

Lahadi, bayan an sha kunu,
na shimfiɗa kwalin firiji a tsakar gidanmu na Ali Ɗan Sofo,
na ɗaure kallabi sau biyu,
na kutsa ƙarƙashin kat-kat ɗin Baba Nomau
da bayana, kamar mai leƙen gindin rumbu.

Shi yana kan kujerar igiya, inuwar bedi ta raba shi biyu.
Hannun dama kwance a cinya tun bara,
ko cokali ba ya ɗauka.
Amma baki, Allah ya bar masa.

"Barira, wanne kika kama?"
"Na ƙasa."
"Sake shi. Fara buɗe na sama.
Wanda ya tsiyaye mai bai san ko ƙofar cikawa za ta buɗu ba
ya zubar da ruwan randa bai leƙa rijiya ba."

Na saman kuwa ya ƙi.
Kile ashirin da huɗu, na ja, ya yi mini shiru,
tsatsa da laka sun haɗa baki.
Sai da Ɗan Ladi ya samo guntun bututu a bayan madafa
muka zura wa kile, ya yi tsawo,
na tokare taya da ƙafa,
ƙas!
Gwiwar hannuna ta gaisa da ƙarfe,
na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Sannan na ƙasa.
Man pon na baya ya sauko cikin tsohuwar tasa
da wari kamar an dafa daddawa da kan ashana.
Ba baƙi ba ne. Kalar shayi da madara.
Na faɗa masa.
"Gulbi ne," ya ce. "Damanar da na kai iri Gidan Rumji,
ruwa har bakin ƙofa.
Ashe ta sha, ta ɓoye mini."

A kan murfin akwai mayen ƙarfe,
ya tara wani gari mai laushi, kamar kwalli.
Na fito, na sa masa a tafin hagu.
Ya murza, ya murza, ido rufe.
"Gari ne, babu tsakuwa. Haƙoranta lafiya.
Ga Dakoro nan. Ga rairayin Mayayi.
Shekara ashirin da biyu, ga abin da ya rage,
bai cika farce ba."

Ni da nake neman jijiya a hannun jarirai
daga Litinin zuwa Asabar,
yau tiyo ne da famfon hannu,
da mai lamba casa'in, mai kaurin zuma, mai nawa.
Na danna har kafaɗa ta yi kuka,
har ya dawo ta bakin rami,
ya bi damtsena, ya shige hammata.
"Ya zubo?"
"Ya zubo."
"To ta ƙoshi."

Pon na gaba bai yi gardama ba.
Bwat ɗin tsakiya, mai raba ƙarfi ga ƙafa huɗu,
ta sa na kwanta a karkace.
Zoben jan ƙarfe guda ya gangara,
kaza ta bi shi, Ɗan Ladi ya bi kaza.
Kuluwa ta leƙo ta katanga da gwangwani:
a sam mata tsohon man, gara ta kama mata azara.

Wajen ɗaure na ƙarshe
ya ce kowa ya yi shiru, har rediyo.
Na ja. Na ƙara.
"Tsaya nan. A ɗaure shi, ba a zalunce shi ba."
Yadda ya ji daga can, ban sani ba.

La'asar ta iske ni baƙa har wuya.
Na tada ta. Ya karkata kunne, ya daɗe.
Na ɗauka zai ce madalla.
Sai ya ce, "Gobe kina da aiki?"
Na ce sai dare.
"To ɗauko mini hula.
Mu je Madarunfa mu dawo,
in ji ta a kan hanya."