Bashin Tumbi

Shekara arba'in ina ɗinkin takalmi a Ƙofar Marusa,
ƙafar kowa na sani: mai faso, mai kirci, mai gwame.
Tawa ce kaɗai ta ɓoye mini.
Ƙusa ta shige ta ran wata Laraba,
na yini a kanta, na je Azahar na dawo,
sai da Tasalla ta ga jini a bakin tabarma
ta ce, "Malam, me aka yanka?"

Ciwon suga ɓarawo ne mai sanɗa,
jin zafi ya fara sacewa.

Damina biyu gyambo na zaune a diddigena,
baki buɗe kamar ɗan tsako.
Ya sha zuma, ya ci garin bagaruwa,
ya ci awaki uku da keken Ɗanjuma.
A masallaci na koma sahun baya, kusa da ƙofa.
Ba wanda ya kore ni,
hancina ne ya ba ni shawara.

A asibiti, gado na shida,
Abashe direban Jibiya ya yaye mayafi
ya nuna mini inda ƙafarsa ta ƙare.
Daren nan ban runtsa ba.

Da safe likita ta zo, ba ta fi sa'ar autata ba,
ta latsa tumbina da yatsa biyu kamar mai tayin rago.
"Baba, a nan za mu ɗebo."
Na ce, me?
Ta ce, "Kitse. Naka, ba na kowa ba.
Mu tace shi, mu kai wa ƙafa."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Yo ai sana'ata ce, 'yata!
A yanko inda fata ta yi rara,
a toshe inda ta huje.

To, kai tumbi, fito fili.
Wa ya kai ka wurin mai tsire bayan Isha'i?
Wa ya tsaya maka a layin waina,
ya haura Yarkutungu da kai cikin rana
don shayi mai cokali huɗu?
Kai ka ci, ita ta kwanta.
Yau ranar biya ce.

Na gan shi a sirinji, rawaya kamar ƙwanduwa.
Ta bi gefen gyambon da allura,
kaɗan nan, kaɗan can,
yadda ake jefa gero a rami bayan ruwan farko.

Ba ta yi mini alkawari ba.
"Wani zai kama, wani zai narke.
Kada ka taka. In suga ya hau, mun yi aikin banza."
Tasalla ta ɓoye gwangwanin suga
inda ko aljani bai sani ba.

Ita ce ke awo da tsinken tsintsiya,
duk Juma'a in an buɗe bandeji, daga nesa, ba ta taɓawa,
sai ta karye abin da ya ragu.
Juma'a ta uku ba ta karya komai ba,
muka ci tuwo ba magana.
Ta biyar, nama ya yi ja kamar dasashin jariri.

Yanzu tsinken bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Na ɗinka wari guda, mai faɗi,
na shimfiɗa masa fatar ɗan akuya a ciki, ba ƙusa ko ɗaya.
Yana kan kanta, kusa da rediyo.
Ɗanjuma ya ce mai saye ya taya.
Na ce albarka, mai shi na nan tafe.