Gosulo

Ɗaki da falo muke haya a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke kaɗa mana kwanuka.
Zulai ta cika shida, Tanimu huɗu da ɗoriya,
suka haɗa baki wata safiya:
"Baba, dabba muke so. Tamu ta kanmu."

Tanimu ya ce kare.
Uwarsu ta ɗago daga tsintar shinkafa,
kallo ɗaya, karen ya mutu a bakinsa.
Zulai ta ce ɗan rago, fari, mai baƙin kunne.
Nan kuma ni na yi shiru.
Na yi rago a Gumel ina kamarta,
na ba shi dusa a tafin hannu, na raɗa masa suna,
ran layya aka miƙo min hantarsa a tsinke.
Na ce, a gidan nan
ba za mu so abin da wuƙa ta san hanyar wuyansa ba.

Kyanwa fa?
Iya Tope na bandar kifi a bakin ƙofa,
shekara tara muna gaisawa lafiya,
ba zan sayo mana shari'a da kuɗina ba.

Ran Lahadi muka matsu a danfo,
Tanimu a cinyata, gwiwar wani a haƙarƙarina,
har kasuwar masu tsuntsaye.
Ga aku, toka-toka, jan wutsiya,
ya karkace kai ya dube mu
ya kwarma: "Oshodi! Oshodi!"
sannan ya ƙara wata kalma da Yarbanci
wadda ta sa na toshe wa Zulai kunne.
Kuɗinsa hayar wata huɗu.
Muka yi gaba.

Kifi mai ruwan zinariya a kwalba,
mai shi ya ce sai da injin iska dare da rana.
Na tuna wutarmu da ke zuwa kamar baƙon kunya,
na ce a bar kifi da ransa.
Zomo ya yi kyau, amma na ga idon Tanimu,
na ga tukunya a ƙarshen zancen.

Rana ta karya, ƙafa ta gaji,
sai Zulai ta ɓace min daga hannu.
Na same ta tsugune gaban wata tsohuwa mai saiwoyi,
tana leƙen wani tsohon baho.
A ciki, dutse ne mai ƙafa huɗu.
Ta taɓa shi. Ya janye kai, ya rufe ƙofa.
"Baba," ta ce, "wannan ya iya ɓoye wuyansa."

Ban yi ciniki sosai ba.

Baba Alao mai gida ya tare mu a tsakar gida,
ya ce, "Malam, an ƙara ɗan haya ne?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, da gidansa ya zo."
Ya yi dariya har hularsa ta zame.

Tanimu ne ya sa masa Gosulo.
Yana cin latas, da ɓawon kankana,
da ganyen alayyahon da uwarsu ta ce ba ta gani ba.
Sun koyi wanke hannu bayan sun taɓa shi,
sun koyi jira,
abin da na kasa koya musu da baki.

Da dare in na dawo daga Mil Tuwel,
warin albasa a rigata, hon ɗin motoci a kaina,
nakan same shi tsakanin gado da ƙofa,
tafiyar da ya faro tun la'asar.
Duk Ikko shi kaɗai ba a bin sa bashin lokaci.

An ce irinsu na daɗewa ƙwarai.
Wata rana Zulai za ta yi furfura a wani gari,
shi kuwa yana nan yana tauna latas a hankali,
yana cikin 'yan kaɗan da suka san ƙarar takalmina.